Sunayen da Ke Cikin Aljihuna

Jikokina sun daɗe suna matsa mini in ba da labarin rayuwata a rubuce, ni kuwa ina ta kaucewa, domin wanda ya ga yaƙi da idonsa ba ya sha'awar tone-tone. Abin da ya sa na amince a bana shi ne, na duba tsararrakina da muka shiga soja tare na ga waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma akwai wata amana da nake so in sauke tun da sauran numfashi. Ba zan faɗi sunana ko na garinmu ba, saboda labarin ya taɓa iyalan mutanen da ban nemi izininsu ba.

An haife ni a 1948 a wani ƙauye da ke gabas da Kano, wanda ya faɗa cikin Jihar Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991. Mahaifina manomin gyaɗa da gero ne, kuma abu na farko da na sani game da hukuma shi ne haraji. Ina da shekara 9 ko 10, a wata shekara da damina ta yi gardama, aka zo karɓa bai cika kuɗinsa ba. Aka zaunar da shi a ƙofar gidan dagaci tare da wasu magidanta, aka tuɓe masa hula, aka hana shi inuwa tun hantsi har la'asar, mu yara muna leƙe ta kafar danga. Da yamma mahaifiyata ta kwance akuyarta guda ɗaya tilo aka sayar da ita a wulaƙance, sannan aka sallame shi. Da ya shigo gida bai ce uffan ba, sai ya yi alwala ya rama sallolin da suka kuɓuce masa, ya kwanta ya juya fuskarsa bango. A wancan zamani ambaton NEPU, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano, a ƙauye irin namu na iya kai mutum gaban alƙali, amma daga ranar, duk lokacin da aka ambaci Malam Aminu Kano a zaure, nakan ga mahaifina ya gyara zama.

Na gama firamare ban samu wucewa gaba ba, sai aka kai ni birni wajen wani ɗan kasuwa a Fagge ina rubuta masa lissafi. A can shekarar 1966 ta same ni. A ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, a ƙarshen Yuli aka yi juyin ramuwa wanda ya kawo Yakubu Gowon, a farkon Oktoba kuma na ga abin da aka yi wa Inyamurai a Sabon Gari. Wani tela da ke ɗinka wa maigidana kaya ya tsere ya bar kekensa da riga a ƙarƙashin allura, rabin ɗinki. Na faɗi wannan ne don kada jikokina su ɗauka cewa zalunci daga ɓangare guda kawai ya fito.

Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya ayyana ƙasar Biyafara a ranar 30 ga Mayu, 1967, kwana uku bayan Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12, aka kuma fara harbi ranar 6 ga Yuli. Kafin ƙarshen shekarar na ba da sunana. Idan na ce kishin ƙasa zalla ne ya kai ni, na yi ƙarya. Akwai zafin kisan Sardauna, akwai albashi, akwai kuma yarinta da sha'awar kaki. Ban sanar da mahaifiyata ba sai da na isa makarantar horar da kurata ta Zariya, daga can na aiko da wasiƙa. Horon da a da ake shafe watanni ana yi, mu cikin 'yan makonni aka gama mana shi, domin rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi tana neman ninka kanta sau da yawa, har ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa. An koya mana kwance bindiga da ɗaure ta, da tafiyar fareti, da cewa oda ba a yi mata tambaya. A kantin bariki na sayi wani ƙaramin littafi mai baƙin bango don lissafin albashina, ban san aikin da zai yi mini ba.

Aka tura ni Runduna ta Biyu, wadda Kanar Murtala Muhammed ke jagoranta. Kafin mu isa, rundunar ta riga ta ƙwato Benin, ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca cikin jiragen ruwa har sau uku ba tare da nasara ba, aka yi asarar mutane masu yawa a ruwa. Labarin kisan da aka yi wa mazan Asaba a Oktoban 1967 kuwa a bakin tsofaffin sojoji na ji shi, suna yin sa ƙasa-ƙasa, kuma ban taɓa jin wanda ya iya kawo hujjar da ta halatta shi ba. Bayan haka aka canja hanya, aka ƙetare kogin ta Ida, aka biyo ta ƙasa har aka shiga Anaca a watan Maris na 1968.

'Yan kwanaki bayan nan ina cikin ayarin motoci kusan 100 da ke ɗauke da harsasai da abinci da mai zuwa Anaca. Hanyar siririya ce, kurmi ya rufe ta dama da hagu, motocin kuma sun yi kusa da juna fiye da kima. A Abagana dakarun Biyafara suka yi mana kwanton ɓauna, makaminsu ya sami tankar mai, wuta ta bi layin motocin ɗaya bayan ɗaya, akwatunan harsashi suka riƙa fashewa da kansu ba mai harba su. Ina zaune a bayan mota tare da wani yaro Bahaɗeje wanda muka fito Zariya tare, muke cin abinci a kwano guda. Na diro na faɗa cikin kwatami, hannuna na hagu yana ci da wuta, wani ƙarfe ya shige cinyata. Da na ja jiki cikin ciyawa sai na same shi a jingine da wata bishiyar kwakwar manja, ya dafe cikinsa da hannu biyu. Ya ce in ciro layar da ke wuyansa in kai wa innarsa, ya faɗa mini unguwarsu da sana'ar mahaifinsa, ya maimaita har sau biyu kamar mai aiken yaro kasuwa. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa. A gadon asibiti na buɗe littafin nan ta baya na rubuta sunansa da garinsu, shi ne na farko.

Na warke na koma bakin daga, na ci gaba har ranar 15 ga Janairu, 1970, da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Abin da ya fito daga cikin kurmi a makonnin nan, yara masu kumburarren ciki da jan gashi da ƙafafu kamar sillen kara, shi ne ya fi hana ni barci har yau, fiye da wutar Abagana. A lokacin sunayen da ke littafina sun kai 23. Ban rubuta kowa ba sai wanda na san shi, na ci abinci da shi, na kuma tabbatar da mutuwarsa. Akwai Hausawa, akwai Tibi, akwai mutanen Filato da Barebari da Bayarabe guda.

Hutuna na farko na nufi Haɗeja da layar. Na sami tsohuwar tana tsince shinkafa a faifai, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ni abokin ɗanki ne." Ta dubi abin da ke hannuna ta gane shi tun ban miƙa ba. Shekara biyu ke nan babu wanda ya zo ya gaya mata komai. Tana ta ajiye masa kuɗin adashi don aure. Ta ce, "Ɗana, ya samu sallah?" Na rasa amsar da zan ba ta, na ce ya cika da shahada a bakinsa, wannan kuwa gaskiya ce. Daga nan na gane cewa gidaje da yawa suna cikin wannan hali, ba gawa, ba takarda, ba haƙƙi, matan aure ba su san ko su shiga takaba ko su ci gaba da jira ba.

Na bar soja a 1976 da igiyar saje, a lokacin da ake rage yawan dakaru. Da kuɗin sallamata na sayi injin niƙa na kafa a garinmu, na yi aure, na shiga ƙungiyar 'yan mazan jiya. Duk lokacin da na tara ɗan abin mota sai in ɗauki littafin in tafi neman gida ɗaya, in kuma raka gwauruwa ko tsoho zuwa ofis don neman haƙƙin mamaci. Na ga yadda ake sa mace ta dangwala yatsa a takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba, a ƙirga mata abin da aka ga dama, a ce ta dawo wata mai zuwa, wata ya zama shekara. Wannan yawon ne ya sa aka san ni a ƙauyukan yankinmu, ba wata baiwar magana ba. Da aka ɗage haramcin siyasa a Satumban 1978, Malam Aminu ya kafa PRP mai alamar makulli, dattawan NEPU na yankinmu suka zo har wurin injina suka ce, "Saje, kai za mu tsayar." Na tuna mahaifina da ya riga ya rasu, da ranar da aka tuɓe masa hula, na amsa.

An yi zaɓen majalisun jihohi ranar 21 ga Yuli, 1979. Majalisar Kano kujeru 138 gare ta, wato ninki uku na kujerun jihar a Majalisar Wakilai kamar yadda tsarin mulki ya tsara, kuma PRP ta kwashe mafi yawansu. Abubakar Rimi ya zama gwamna a ranar 1 ga Oktoba, kuma tun a farkon mulkinsa aka soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Ranar da labarin ya isa garinmu na je maƙabarta na tsaya a kan kabarin mahaifina. A duk rayuwata ta siyasa babu ranar da ta kai wannan, ko da yake ba ni da wani hannu na musamman a cikinta.

Zaman majalisa ya yi mini wuya fiye da yadda nake tsammani. Shekara tara na yi ana ba ni oda ina bayarwa, sai ga ni a wurin da za a shafe yini ana gardama a kan kalma ɗaya, a karanta ƙuduri sau uku, a tura shi kwamiti, ya dawo a sake tankaɗe shi. Takardun kasafin kuɗi da Turanci suke zuwa, irin Turancin da ba a koya a bariki, sai in kai su gida wani ƙanena malamin makaranta ya zauna da ni a gaban fitila har tsakar dare. A watannin farko haushi nake ji, ina ganin ɓata lokaci ne kawai. Daga baya na riƙa tuna ayarin Abagana, inda ko kurtu ya ga motocin sun matsu da juna, amma babu mai bakin da zai ɗaga hannu ya ce a dakata, sai na fara ganin wannan jinkiri da wani ido.

Babban burina shi ne doka a kan haƙƙin iyalan sojojin da suka mutu. Na rubuta abin da nake so da hannuna na kai wa wani jami'in shari'a a ofishin akawun majalisa. Ya karanta a tsanake, ya ciro tsarin mulkin 1979, ya buɗe jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, ya sa yatsa a kan tsaro, da soja, da 'yan sanda, da fanshon da ake biya daga asusun tarayya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba hurumin majalisar jiha ba ne. Iyakar abin da za ku iya shi ne ku yi kira ga tarayya." Gaskiya ya faɗa mini, kuma na gode masa, amma na fito jikina a sanyaye, domin abin da ya kawo ni zauren ke nan, ashe ƙofarsa tana Legas. Kiran dai an yi shi, an rubuta a kundin majalisa, ban kuma ji amsarsa ba har na bar kujerar.

Sai na koma ga abin da hannun jiha ke iya kaiwa. Na shiga bin ma'aikatu ina nema wa marayun sojoji gurbin makarantar kwana da tallafin karatu, na matsa har aka sa rijiyoyi da ɗakin shan magani na mazaɓata a kasafi. Da gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, na tsaya sai da aka buɗe ajin mata a garinmu, na bi gidajen gwauraye ina roƙon su shiga. Wata daga cikinsu, matar wani kofur da ke shafi na uku a littafina, ta zo gidana bayan shekara guda da takardar biyan kuɗi a hannu, ta karanta mini adadin da ke jiki da kanta, ta ce abin da aka ba ta bai kai haka ba, ta kuma ƙi sa hannu. Mun koma tare, aka cika mata. Idan aka tambaye ni dokar da na kafa, ba ni da ita. Wannan matar nake da ita.

A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano. Daga ranar 18 ga wata aka shafe kwana goma sha ɗaya ana kashe-kashe a kewayen 'Yan Awaki da Fagge, unguwar da na yi ƙuruciyata, 'yan sanda suka kasa, sai da aka kawo soja. Ina masaukina na ji ƙarar igwa, na gane irinta tun kafin ta sauka, na tsinci kaina a ƙarƙashin gado ina da shekara 32, ɗan majalisa guda. Hukumar binciken da aka kafa ta ce mutum 4,177 suka mutu. Na yi zaton na baro wannan ƙara a ƙetaren Kwara.

Duk da haka ban ɗauki darasin da ya kamata ba, kuma a nan ne amanar da na ce zan sauke take. Jam'iyyarmu ta dare biyu a 1980, bayan da shugabanninta suka hana gwamnoninta biyu halartar taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, su kuma suka ƙi bari. Aka sami Santsi, ɓangaren Rimi da Balarabe Musa, da Taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam. Na bi Santsi, kuma ba don wata aƙida mai zurfi ba. Rijiyoyina da ɗakin maganina suna hannun gwamna ne. Gaba ta yi tsanani har ɗan'uwa ya daina zuwa sunan ɗan'uwa. Na ga abin da ya faru ranar 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, inda aka ƙona gidan Rediyon Kano da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ko wannan bai sa na kama bakina ba. A wani taro ranar kasuwa a mazaɓata, tafi da kirari suka ɗebe ni, na yi magana da harshen bakin daga, na kira 'yan Taɓo abokan gaba, na ce a share su daga garin. Ni a raina ƙuri'a nake nufi. Da magariba samarinmu suka tare wani yaro a hanyar gona suka sare shi da adda, hannunsa na dama bai ƙara moruwa ba. Mahaifinsa yana cikin dattawan da suka zo wurin injina suka tsayar da ni. Na je asibiti da kuɗi a aljihu, tsohon ya ƙi karɓa, ya dube ni ya ce, "Saje, har da kai da ka ga yaƙi?" Babu wani hafsa da ya taɓa yi mini faɗan da ya shige ni kamar wannan tambaya. Na nemi gafararsu daga baya, yaron ya ce ya yafe, yanzu ma dattijo ne mai jikoki, amma da hagu yake miƙo mini hannu idan mun gaisa.

Na sha ɗaura niyyar zuwa Gwammaja in gaida Malam, kunya da tsoron abin da 'yan ɓangarenmu za su ce suna hana ni, har Allah ya karɓi ransa ranar 17 ga Afrilu, 1983. A wajen jana'izarsa na tsaya can baya cikin taron da ban taɓa ganin irinsa ba. Bayan nan Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin, ni ma na bi zuwa NPP na sake tsayawa. Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci gwamna, ni kuwa mutanena suka kayar da ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina bakin injina da safiyar Asabar, 31 ga Disamba, 1983, rediyo ya kama kiɗan soja, Birgediya Sani Abacha ya sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari, daga baya aka ce Manjo Janar Muhammadu Buhari ne shugaba. An rushe majalisu duka. Mutane suna murna a titi, wani maƙwabcina ya zo da fara'a ya ce, "Saje, barka, naku sun dawo!" Na tsaya da garwar gero a hannu ban san amsar da zan ba shi ba, domin kakin nawa ne, na zubar da jini a cikinsa, zauren da aka garƙame kuma shi ma nawa ne, a can na koyi cewa saje na iya miƙewa ya ce bai yarda ba, a saurare shi, a rubuta. Na ce masa Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na juye geron a injin.

Ban sake neman kujera ba. Na ci gaba da bin littafina a hankali, gwargwadon abin da injin ya kawo, har na sami gidaje 17 daga cikin 23. Duk ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da 'yan mazan jiya, nakan karanta sunayen bayan sallar asuba in yi wa Musulmin cikinsu addu'a, sauran kuma in ambace su da alheri. Shafukan sun yi ja sun fara marmashewa, saboda haka na ba wata jikata ta kwafe su a kwamfuta, na kuma roƙe ta ta ci gaba da cigiyar shidan da suka rage. Uku daga ƙasar Tibi suke, ɗaya daga wajen Biu, ɗaya Bayarabe ne wanda ya ce mini mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne. Na shidan kuwa laƙabinsa na bariki kawai na rubuta, da cewa idan dare ya yi a rami yakan yi ta zancen wani rafi a bayan garinsu inda yake kama tarwaɗa.